Malama Zubaidatu da Yaran Ɗaya ga Janairu

Da sunan Allah Mai rahama. Wannan labarin Malama Zubaidatu ne, ta unguwar Liman Abaji, wadda ta riƙe makarantar firamaren unguwarmu shekara goma sha ɗaya, aka sauke ta saura shekara biyu ta yi ritaya. Duk uwar da ta haihu a wannan gefe na Keffi ta san ta, don 'ya'yanmu ta hannunta suka bi.

'Yar tela ce. Mahaifinta, Allah Ya jiƙansa, a bakin kasuwa yake da keken ɗinki. Ta fara koyarwa tun muna ƙarƙashin Filato, tun ana wuni a tasha ana jiran motar Abuja ta cika. Ranar da aka ba mu jihar Nasarawa tana cikin aji biyu tana koyar da baƙi da wasali. Ta yi aure, ta haifi huɗu, mijinta ya rasu, duk ba ta ajiye alli ba. Doguwa ce siririya, muryarta ba ta da ƙarfi, amma in ta tsaya a filin taro ta ce "To!" har awakin da ke kiwo a bayan aji sai sun ɗaga kai.

Akwai yadda take ɗaukar yara. In uwa ta kawo ɗanta, sai Malama ta ce ya ɗora hannu bisa kai ya kamo kunne. In ya kamo, ya isa shiga. Sannan ta jawo wani littafi mai baƙin bango, ta ce, "Yaushe kika haife shi?"

To, yawancinmu a gida muka haihu, wa ya ba mu takarda? Wata ta ce, "Da sabuwar doya, shekarar da ruwa ya cinye masarar bakin rafi." Wata ta ce, "Mangwaro ya fara nuna, saura kwana uku a kama azumi." Wata ta ce, "Sati biyu bayan Kirsimeti, tare da ɗan maƙwabciyata." Malama ba ta yi wa kowa dariya. Yadda kika faɗa haka za ta rubuta, ta karanta miki, ta ce, "Haka ne?" In kin ce haka ne, ta rufe littafin.

Ana nan Abuja ta yi ta girma tana turo mutane. Yau a rushe wannan unguwa, gobe a rushe waccan, mutane su kwaso katifa da tukwane su gangaro. Wanda Mararaba ta fi ƙarfinsa ya wuce Masaka, wanda Masaka ta fi ƙarfinsa ya ƙaraso Keffi. Makarantar da take da yara ɗari uku ta koma ɗari tara. Wasu takardunsu sun tafi a ƙarƙashin katafila, wasu dama ba su taɓa yi ba. Malama ba ta taɓa mayar da yaro don takarda ba. Takan ce, "Yaron ne zai yi karatun ko takardar?" Ta shigar da shi cikin baƙin littafi, ta aika shi aji.

Mutum biyu ne na kusa da ita a makarantar. Ɗaya Madam Susana, 'yar Agwada, malamar aji ɗaya, mace mai baki, wadda ko a gidan makoki sai ta sa an murmusa. Shekara ashirin suna tare, in Sallah ta zo Susana na gidan Malama, in Kirsimeti ta zo 'ya'yan Malama na gidan Susana. Ɗayan kuwa Malam Akram ne.

Shi Akram ɗan ƙawarta ne, Halima Sadiya, wadda suka tashi gida na kallon gida. Da ciwon ajali ya kama Halima, Malama ce a gefen gadon. Akram yana sakandare a lokacin. A gidan Malama ya riƙa cin tuwo, ita ta matsa masa ya tafi kwalejin malamai, ita ta yi ta sintiri har aka ɗauke shi aiki aka turo shi makarantarta. Da zai yi aure ita ta tsaya a matsayin uwa. Mama yake kiranta, har a ofis. Ya yi digiri, ya iya kwamfuta, ya zama mataimakinta. Yana da wani shagon kayan waya a Mararaba da yake leƙawa in an tashi, kowa ya sani, ita ma ta sani. Takan ce, "Mai iyali ne, in dai ya cika awanninsa."

Sai zamanin sakula ya zo. Sakula ita ce takardar umarni da ake aiko wa shugabannin makarantu daga sama. A da sau ɗaya ko biyu take zuwa a zango, masinja ya kawo a kan babur. Yanzu sai ta waya take faɗowa, wata rana har uku. A ɗauki hoton rijistar malamai kafin ƙarfe takwas da kwata. A turo adadin bencina. A sake turo adadin bencina, don fom ɗin jiya an canza shi. Kowane malami ya kawo shaidar rijistarsa ta koyarwa. Malama ta sayi tabarau na biyu saboda ƙananan rubutun waya. Ba ta taɓa ƙin bin ko ɗaya ba. Ita dai burinta guda ne, kuma ta sha faɗa: ta bar aikin gwamnati ba a taɓa rubuta mata takardar laifi ba. Shekara talatin da uku, fayil ɗinta fes.

Wata Litinin babbar ta zo. Wai kowane yaro sai an shigar da shi cikin kwamfuta: sunansa, sunan uba, aji, hoto, da ranar haihuwa, rana da wata da shekara. Zuwa Juma'a za a rufe. Makarantar da ba ta gama ba, shugabanta zai yi bayani. An ba kowane shugaba lambar sirri ta shiga, a layin ƙarshe kuma aka rubuta cewa kada ya ba kowa ita, ko mataimakinsa.

Malama ta kira su biyun ofis. Ta ce, "Yara ɗari tara cikin kwana huɗu. Ni da nake neman harafi ɗaya a kan kwamfuta kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa."

Susana ta ce, "Uwar ɗakina, in ke za ki buga, sai yaran aji ɗaya sun yi gemu ba ki gama ba."

Akram ya yi dariya ya ce, "Mama, ki ba ni lambar kawai. Akwai shagon kwamfuta a Sabon Gari mai janareta, can zan zauna."

"An ce kada a bayar."

"Mama, wane hedimasta ne a garin nan bai bayar ba? Duk sa'anninki haka suka yi. Ni ne fa."

Wannan "ni ne fa" ɗin ita ta gama da ita. Ta rubuta masa lambar a 'yar takarda. Sannan ta buɗe durowa ta ɗauko baƙin littafin, a gaban Susana, ta miƙa masa da hannu biyu.

Ta ce, "Yara ɗari da arba'in da uku ba su da takardar haihuwa. Duk suna nan ciki, da abin da uwayensu suka faɗa. Inda aka ce sabuwar doya, ka sa watan takwas. Inda aka ce mangwaro, ka sa watan uku ko na huɗu. Inda aka ce azumi, ka duba kalandar shekarar. Ba za mu dace da ranar ba, amma kada mu yi nisa da gaskiya. Wanda ya shige maka duhu, ka kira ni, in aika a kira uwar."

Ya ce, "An gama, Mama."

Ranar Alhamis da hantsi ya shigo da takardu tuli guda, ya ce ta sa hannu da hatimi a ƙasan kowane shafi. Ranar nan ofis cike yake. Wani uba yana faɗa a kan an fasa wa ɗansa kai, ga mata masu dafa abincin yara suna jira, ga waya tana ta ƙara da wata sabuwar sakula. Rubutun kuwa ƙanana ne kamar ƙwan kwarkwata. Ta ɗaga kai ta ce, "Ka bi littafin?"

"Sau da ƙafa."

Ta sa hannu, ta buga hatimi, shafi bayan shafi, ba ta karanta ko ɗaya ba. Da ta gama ta ce, "Allah Ya yi maka albarka." Bai ƙarasa amin ba ya fita, don motar Mararaba yake sauri ya samu.

Bayan sati shida wata farar mota ta tsaya a gindin dalbejiya. Mutum uku daga ofishin ilimi suka fito, babbansu wani Mista Jethro, mai furfura, mai magana a hankali. Ya zauna ya ajiye fayil, ya ce, "Hajiya, kwamfutar sama ta tsayar da makarantarki. Kina da yara ɗari da arba'in da uku, dukansu an haife su ranar ɗaya ga Janairu."

Malama ta ce, "Na'am?"

Ya juyo mata da takardar, ya bi da yatsa. Ɗaya ga Janairu. Ɗaya ga Janairu. Har ƙasa, har shafi na gaba. A ƙarƙashi kuma ga sa hannunta ga hatiminta.

Susana da ke tsaye a bakin ƙofa ta ce, "Kai! Ungozomar da ta yi aiki ranar nan ai ta sha wuya." Ba wanda ya yi dariya, sai ta kama bakinta.

Mista Jethro ya ce abin da ake zargi shi ne sunayen bogi ne, an ƙirƙiro su don makaranta ta yi yawa a takarda. Nan take Malama ta ajiye takardar. Ta miƙe ta buga ƙararrawa da kanta, ta tara yara a fili, ta ce ya kira. Ya yi ta kira suna fitowa ɗaya ɗaya, masu takalmi da marasa shi. Biyar ba su zo ranar ba, ta aika gidajensu, kafin azahar uwaye suka kawo su, ɗaya ma a goye don zazzaɓi. Ɗari da arba'in da uku cif.

Ya rufe fayil ya ce, "Yara na gaskiya ne, na gani da idona. Saura tambaya ɗaya: wa ya shigar da ranar ƙarya? Kwamiti zai zauna ranar Laraba."

Da motar ta tafi ta kira Akram. Ya shigo yana kallon ƙasa. Ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Me ya faru?"

Ya ce, "Mama, lokaci ne ya ƙure. Netiwok yana ɗaukewa. In na tsaya lissafin doya da mangwaro, ba zan gama ba. Wani a shagon ya ce kowa ɗaya ga Janairu yake sawa."

"Ka ce min sau da ƙafa."

Ya sake sunkuyar da kai.

Ta ce, "To, an yi an gama. Ranar Laraba ka zo da littafin. Ni in faɗi nawa, na ba ka lamba, na sa hannu ban karanta ba. Kai ka faɗi naka. In muka haɗa baki a kan gaskiya, iyaka a yi mana faɗa a ce mu gyara. Ka ji?"

Ya ce, "In sha Allahu, Mama."

Har ta ba shi ragowar kunun gyaɗar da ke cikin filas ɗinta, don ta ga leɓensa ya bushe.

Ranar Laraba mutum biyar suka zauna a bayan dogon tebur. Aka fara da Akram. Ya sa farar shadda, ya gyara hula, ya tsaya. Malama tana zaune taku uku daga inda yake.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban taɓa riƙe lambar sirri ba. Sakula ta hana, kuma na san doka. Shugaba ce ta shigar da komai. Ni dai na nuna mata inda ake dannawa."

Wani ya ce, "An ce akwai littafin da aka ba ka."

"Nakan ga wani littafi a teburinta. Ba a ba ni ba."

Ya faɗi haka bai ko yi tuntuɓen harshe ba. Malama ta ce daga baya, ba maganar ce ta fi ci mata rai ba. A'a, kalmar "Shugaba" ce. Tun yana da wandon makaranta bai taɓa kiranta da wani suna ba sai Mama, ranar nan kuma ya tsaya a gabanta yana cewa "Shugaba ce," kamar wata da suka haɗu a mota.

Mista Jethro ya juyo ya ce, "Hajiya, me za ki ce?"

Kun ga inda aka sa ta. In ta ce ita ta shigar, ta ɗauki ƙaryar ranar haihuwa. In ta ce ta ba da lamba, ta karya doka da bakinta. Ta zauna tana jan carbi a ƙarƙashin mayafi, sannan ta miƙe.

Ta ce, "Ni na ba shi lambar, da hannuna na rubuta. Na ba shi littafin. Ya kawo takardu na sa hannu ban duba ba. Ban ce a sa ɗaya ga Janairu ba. Wannan shi ne abin da zan iya maimaitawa a gaban Allah."

"Kin karanta layin ƙarshe na sakular?"

"Na karanta."

"Kin gane shi?"

"Na gane."

Ya cire tabarau ya shafa ido, ya ce, "Hajiya, da ma ba ki gane ba."

Susana ta nemi a ji ta. Ta ce a gabanta aka ba da littafin, ta rantse da Littafi Mai Tsarki. Ta juya ta ce, "Akram, kai! Tuwon gidan matar nan ne a kumatunka!" Aka ce ta zauna, nan ba kasuwa ba ce. Aka ce maganarta magana ce, tasa ma magana ce, amma sa hannu da hatimi na mutum ɗaya ne, kuma mai su ta amsa laifi da bakinta. Littafin kuwa aka nema sama da ƙasa, ba a gan shi ba. Har yau ba a gan shi ba.

Bayan sati uku takarda ta fito. An sauke ta daga shugabanci saboda sakaci da saɓa umarni. An mayar da ita malamar aji a wata ƙaramar makaranta can bayan rafi. A sakin layi na biyu kuma aka ce, kafin a naɗa wani, mataimaki zai riƙe makarantar, tunda shi ne mai digiri da shaidar kwamfuta.

Mu iyaye mata muka yi gayya, Musulmi da Kirista, muka cika keke-napep shida muka tafi ofishin ilimi. Muka ce matar nan ba ta ci komai ba, yaranmu ne, ga su. Aka ba mu benci, aka saurare mu da mutunci, aka ce magana ta riga ta wuce sama. Muka dawo.

Ranar miƙa makulli ba ta bari kowa ya ga hawayenta ba. Ta jera makullai a tebur, da hatimi, da rijista, ta ƙirga masa bencina har da karyayyu, ta sa hannu. Wannan karon kowane layi sai da ta karanta, yana tsaye yana jira.

Da yamma bayan la'asar ya zo gida. Ya durƙusa a bakin tabarma kamar yadda ya saba, ya gaishe ta, ta amsa. Ya daɗe yana murza hula a hannu.

Ya ce, "Mama, ki fahimce ni. In na amsa, kora ta za a yi. Ke shekara biyu ta rage miki, fanshonki ba abin da zai taɓa shi. Ni yanzu na fara. Ga yara uku."

Ta dube shi ta ce, "Ashe lissafi ka yi."

"Ba haka ba ne, Mama."

"Haka ne. Ka zauna ka auna ni, ka ga na kusa ƙarewa. Da ka zo ka ce min, Mama ina jin tsoro, ki ɗauke min, wallahi da na ɗauka. Da na tsaya a gabansu na ce laifina ne duka, a bar yaron nan. Ai ka san zan yi. Amma ba ka roƙa ba. Ɗauka ka yi."

Ya fara kuka. Ta bar shi ya yi. Sannan ta ce, "Ina littafin?"

Ya ci gaba da murza hular.

Ta ce, "Ba nawa ba ne. Maganar uwaye ce a ciki, wasu sun rasu. Akwai yaran da ba wanda zai sake gaya musu lokacin da aka haife su."

Ya ce zai duba. Ta ce, "Tashi ka je, magariba ta kusa."

Shekara biyun nan ta yi su. Kullum acaɓa har bakin rafi, in damina ce ta tuɓe takalmi ta tsallaka, ga ciwon gwiwa. Aji uku aka ba ta, yara ashirin da bakwai a ɗakin da rabin kwanonsa ya yaye. Ba ta yi fashi ba ko sau ɗaya. Shugaban makarantar can, wanda ita ta koya masa karatu yana yaro, kunya ta hana shi zama in tana tsaye, har sai da ta ce masa ya daina, shi ne babba yanzu.

Sau uku tana rubuta takarda tana roƙon a cire kalmar sakaci daga fayil ɗinta. Ba ta nemi kujera ba, kalmar kawai. Ta farko aka ce an karɓa. Ta biyu aka ce wanda ke kula da ita an canza masa wurin aiki. Ta uku aka ce yanzu ta intanet ake shigar da koke. Haka ta yi ritaya da kalmar a ciki. Susana ce ta haɗa mata 'yar walima a tsakar gida, muka dafa shinkafa, muka yi addu'a kowa da irin tasa.

An tabbatar wa Akram da kujerar. Ana cewa yana ƙoƙari, sakula ba ta kwana a hannunsa. Duk Sallah yakan aiko da gaisuwa, ta amsa wa ɗan aiken da kyau. Mutane suna ta ce mata ta yafe, har limamin unguwa ya yi mata magana. Ta ce, "Malam, kullum ina roƙon Allah Ya ba ni ikon yafewa. Bai ba ni ba tukuna. Ba kuwa zan ce na yafe da baki alhali Yana ganin zuciyata ba."

Tana nan a Liman Abaji, tana koya wa jikokinta karatu a zaure. Lafiyarta ƙalau sai gwiwar. Amma in za ta kasuwa ta hau keke, takan ce wa mai keken ya zagaya ta Sabon Gari. In ya ce, "Hajiya, ai ta gaban makaranta ta fi kusa," sai ta ce, "Na sani. Bi ta can ɗin dai."